Baba Kwaɗo da Rijiyar Bayan Gidan Mai

Ba wanda ya tuna ranar da aka fara ce masa Kwaɗo. Wasu sun ce saboda idanunsa ne, manya masu ɗan turowa waje. Wasu sun ce a'a, mutumin da ya fi daɗewa a cikin rijiya a kan doron ƙasa ai ba shi da sunan da ya wuce wannan. Shi dai bai taɓa ɓata rai ba. Da furfura ta fito masa aka ƙara Baba a gaba, ya ce to madalla, an yi masa ƙarin girma ke nan.

Haƙar rijiya da yasarta ita ce sana'arsa tun yana saurayi. Idan ruwa ya ja baya, ko laka ta cika gindin rijiya, ko kaza ta faɗa ta mutu a ciki, shi ake nema. Mutane suna ganin yadda yake ɗaura igiya a ƙugu ya sauka cikin duhu sai su ce wannan bawan Allah ba shi da tsoro. Ina ma sun sani. Da wuya a sami matsoraci irinsa, kuma ba ya ɓoyewa. Sai dai ba don kansa yake tsoron ba. Abu ɗaya ne yake hana shi sukuni a duniya, kada wata rana rijiya ta cuci ƙaninsa Auta.

Auta yana rarrafe mahaifinsu ya rasu, mahaifiyarsu ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Kwaɗo ne ya zama uwa, ya zama uba. Lokacin yana koyon aiki a wajen wani tsohon mai haƙa, ba shi da wanda zai bar wa yaron, sai ya riƙa tafiya da shi wurin aiki, ya ɗaura masa guntun igiya a ƙugu ya ɗaure a gindin bishiya don kada ya rarrafa bakin rami. Yaro ya girma, karatu ya ƙi zama a kansa, shi ma ya kama igiya. Yanzu Auta ya doshi hamsin, ya aurar da 'ya, har da jika a gidansa, amma a bakin rijiya har gobe "Auta, miƙo guga" ne, "Auta, matsa daga nan" ne.

Tsoron ya samo asali tun zamanin koyon aiki. Wata rana wani abokin aikinsa ya sauka wata tsohuwar rijiya da aka daɗe da rufewa. Yana sauka yana 'yar waƙarsa, sai waƙar ta tsaya. Aka kira, shiru. Kwaɗo yana cikin waɗanda suka ja igiyar, kuma har yau hannunsa bai manta da nauyin ba. Ko ƙwarzane babu a jikin mamacin. Maigidansu ya ce akwai wata muguwar iska da take kwanciya a gindin rijiya, ba ta da wari, ba ta da launi, mutum yana shaƙa sai barci. Daga ranar ya koya musu gwajin kyandir, Kwaɗo kuwa ya riƙe abin da hannu bibbiyu.

Ga yadda yake yi. Ya huda gwangwanin madara, ya kafa guntun kyandir a ciki, ya kunna, ya zura da siririyar igiya a hankali. Mai zurawa zai durƙusa a bakin rijiya ya sa kansa ciki, idonsa a kan harshen wutar, ba ƙiftawa ba waige. Idan wutar ta yi ƙasa-ƙasa ko ta mutu, ba mai shiga, sai an sa reshen bishiya mai ganye an kaɗa iskar ta fita. Idan ta ci gaba da ci har ta kai kan ruwa, to iska lafiya, a ɗaura igiya. Ko mai gida yana sauri, ko rana ta yi, ko rijiyar jiya aka fito daga cikinta, Baba Kwaɗo sai ya yi gwajinsa. Da wayar hannu ta shigo, tasa ta taɓa zamewa daga aljihu ta faɗa rijiya, ta wuce ta gefen kan Auta, sai ya ƙara wata doka: riga da waya a rataye su can nesa kafin a matso bakin rami. Duk mai yasar rijiyar da ya koyi aiki a hannunsa, kuma suna da yawa, da waɗannan dokoki ya tashi.

Tsufa ya fara kama shi ta gwiwa. Sauka ta gagara, sai ya koma riƙon igiya a sama, Auta yana shiga. Nan tsoron ya ninka. Muddin Auta yana ciki bakin Baba Kwaɗo ba ya shiru, tambaya kan tambaya, ba don yana son amsar ba sai don ya ji murya ta fito. Auta yakan ce daga ƙasa, shi fa aikin bai gajiyar da shi kamar hirar ba. Bayan gwiwa sai hanci. Wata mura mai tsanani ta kwantar da shi, ya tashi lafiya amma ya daina jin ƙanshi da wari gaba ɗaya. Matarsa ta sami abin tsokana. Takan ce yanzu ko tukunya ta ƙone ƙurmus a gabansa sai ya yaba girkin.

Akwai wani lungu a bayan gidan mai, gidajen jingine da katangar. Rijiyoyin lungun kusan duk shi ya haƙa su, tun wurin yana fili, tun ba a yi mafarkin gidan man ba. Gidan man ya zo daga baya, ya kuma sha sauya hannu. Duk wanda ya saya, abu na farko sai ya kira mai fenti, ya sake allo, ya ƙara fitilu, ya ɗinka wa ma'aikata sababbin riguna. Tankin da aka binne a ƙarƙashin siminti kuwa, wanda fetur yake kwana a cikinsa, ba wanda ya taɓa tona shi ya ga halin da yake ciki. Wa zai fasa simintinsa ya tsayar da ciniki don ya duba ƙarfen da ba mai gani? Tsatsa ta ci gindinsa a hankali, fetur ya riƙa tsiyaya yana bin ƙasa, har ya wuce ƙarƙashin katanga ya shiga gidajen mutane ba sallama. Mutanen lungun sun saba da warin fetur kamar yadda maƙwabcin mahauci yake sabawa da ƙuda. Kowa ya ɗauka iska ce take kawo shi ta saman katanga, ba wanda ya kawo a ransa cewa ta ƙasa yake zuwa.

Wata mai ɗinki da take zaune a lungun tare da jikokinta ita ta aiko a kira shi. Ya je da yamma shi kaɗai don ya ga aikin. Ta ce ruwan rijiyarta ya lalace, ba ya shawuwa, idan an yi wa yara wanka da shi sai su yi ta susa. Maƙwabta sun ce lallai wani abu ne ya faɗa ya mutu a ciki, shi ya sa ta rufe bakin da kwanon rufi ta ɗora dutse, ta koma sayen ruwa. Ta nuna masa bishiyar lemon da take gefen rijiyar, ta bushe tsaye, ta ce ita ma ba ta san abin da ya same ta ba. Ya ɗaga kwanon, ya zura guga ya jawo. Rana ta yi ƙasa, inuwar katanga ta rufe tsakar gidan, abin da ya iya gani kawai ruwan ya yi duhu-duhu. Gugan ya ɗan tuntsure ya jiƙa masa hannun riga. Tunda ba shiga zai yi ba bai kunna kyandir ba. Ya mayar da kwanon, ya ɗora dutsen, ya ce gobe da safe za a yashe ta.

Sai da ya isa gida ya tuna gobe ce ranar da likitan ƙashi ya ba shi, ranar da ya daɗe yana jira. Ya ce to a ɗaga aikin zuwa jibi. Auta ya ce a kan me? Shi zai je da lebura, ya yi aikin ya dawo. Baba Kwaɗo ya ce bai yarda ba. Auta bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba, amma ya faɗi abin da ya daɗe a cikinsa. Ya ce yaran da suka koyi aiki a bayansa duk sun zama masu gidan kansu, shi kaɗai ne har yau ba a yarda ya buɗe bakin rijiya sai an tsaya a kansa, har matarsa ta fara tambaya ko akwai abin da yake damunsa ne da ba a faɗa mata ba. Matar Baba Kwaɗo ta sa baki ta ce, Malam, mutum da jikansa fa, a bar shi ya numfasa mana.

Baba Kwaɗo ya yarda, ba don ransa ya so ba. Ya fara jero dokoki, Auta ya karɓe daga bakinsa yana ƙarasawa da irin muryarsa, har da ɗaga yatsa, matar tana dariya. Shi ma ya yi murmushi.

Da safe ya shirya zai tafi asibiti, yana neman sandarsa, matarsa tana wanki a tsakar gida. Ta ɗago kai ta ce, "Malam, wai jiya rijiya ka je dubawa ko gidan mai ka kama aiki?"

Ya ɗauka tsokanar da ta saba ce, ya ce ta bari sai ya dawo.

"Ba wasa nake ba. Hannun rigar nan fetur ne zalla. Na sa sabulu na sake sawa, ya ƙi fita. Zo ka ga ruwan."

Ya matso ya leƙa bahon. A kan ruwan wankin akwai wani maiƙo siriri yana yawo, yana ɗaukar ido, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa. Ya tsaya yana kallo. Jiya ko kusa da famfon mai bai bi ba. Abu ɗaya ne ya taɓa hannun rigar nan, ruwan gugan mai ɗinki. Sai bishiyar lemon ta faɗo masa a rai, sai kwanon da aka daɗe da rufe bakin rijiyar da shi. Ya taɓa ganin abin da tsinken ashana ya yi wa durom ɗin fetur a garejin wani makanike, durom ɗin da babu komai a ciki sai tururi. Auta ya riga ya tafi, da gwangwani da kyandir a cikin buhun kayan aiki.

Ya ciro waya, matar ta karɓa ta nemo masa lambar Auta. Tana shiga, ba a ɗauka. Ya sake kira, ya sake. Ya san inda wayar take sarai, tana cikin aljihun riga, rigar tana rataye can nesa da rijiya, yadda ya koyar. Lambar mai ɗinki ba shi da ita, lebura kuwa ba shi da waya. Ya fita ba sanda, ba hula, matar tana binsa tana tambaya, ya tare mai babur ya haye.

Shi da kullum yake yi wa masu babur faɗa su bi a hankali, ranar shi ne yake dukan kafaɗar mai babur yana cewa ya ƙara wuta. Hanyar ta bi ta bakin kasuwa, ga masu tura baro, ga motar kaya ta gindaye titi tana juyawa kamar ba ta da niyyar gamawa. Yana zaune a bayan babur yana lissafin aikin a ransa, kuma da bai san shi ba da ya fi masa sauƙi. Yanzu sun gama gaisawa da mai gida. Yanzu sun kafa itacen da igiya za ta bi. Yanzu Auta yana cire riga. Ya roƙi Allah ya sa ashana ta jiƙe, ya sa Auta ya manta kyandir ɗin a gida, ya sa yau ɗaya ya yi ganganci ya ƙi bin doka. Amma ya san ƙaninsa. Yau ce ranar da zai bi ta fiye da kullum, don kada a ce an bar shi ya kasa.

A bakin lungun suka tarar da tankar mai ta toshe hanya tana sauke fetur. Ya sauka daga babur ya matsa ta gefenta, ya kama gudu da gwiwoyin da ko matakala ba sa iya hawa. Mutanen wurin suna toshe hanci saboda warin saukewar, shi bai ji komai ba. Ya gane cewa ko Auta ya ji wari da ya ɗaga kwanon, tankar zai ɗora wa laifi.

Ya tura ƙofar gidan. Mai ɗinki tana kan kekenta a ƙofar ɗaki, jikokin sun tafi makaranta. Lebura yana gefe yana warware babbar igiya. Auta kuwa yana durƙushe a bakin rijiya ba riga, kansa a ciki har kafaɗa, siririyar igiyar tana zamewa ta tsakanin yatsunsa.

Ihu ya zo masa har maƙogwaro, ya haɗiye. Idan ya firgita shi igiyar za ta kuɓuce, gwangwanin ya faɗa gaba ɗaya. Ya daidaita murya iyakar iyawarsa.

"Auta. Tsaya haka nan. Jawo ta sama."

Auta bai ɗago ba. Muryarsa ta fito daga cikin rijiyar da ɓacin rai. "Haba Yaya. Ko yau ɗin ma?"

"Ka jawo ta, zan yi maka bayani. Don Allah."

"Ba abin da ya same ta. Tana ci lafiya lau. Ga shi ma sai ƙara haske take yi."

A duk tsawon aikinsu, wuta ta ƙara haske albishir ne. Baba Kwaɗo ya yi tsalle ya kai hannu zai fizgo shi ta ƙugu. Yatsunsa sun taɓa wandon ke nan sai ƙasa ta girgiza, rijiyar ta yi wata irin ƙara mai nauyi, wuta ta taso daga cikinta ta wuce tsayin katanga. Su biyun suka zube baya. Wutar ta koma ƙasa da sauri kamar yadda ta taso, aka bar hayaƙi da ihun ma'aikatan gidan mai suna gudu a bayan katanga. Allah ne kaɗai ya tsare tankar.

Auta yana kwance rigingine, hannayensa a kan fuska. Bai yi kuka ba. Gemu da gira duk sun tafi. Yana ta cewa Yaya, Yaya, a hankali, kamar mai tambaya. Baba Kwaɗo ya cire rigarsa ya lulluɓa masa, ya rungume kansa, yana cewa ga ni nan, har maƙwabta suka zo da mota.

Sai da aka yi haka sannan hukuma ta zo. Aka rufe gidan man, aka fasa simintin da ba a so a fasa, aka ciro tankin. Gindinsa duk huji ne, wani ma yatsa yana shiga. Ƙasar da take kewaye da shi ta yi baƙi ƙirin tana naso, aka yi ta kwasarta a motoci, ana haƙawa ana tarar da wata. Mai gidan man ya ce shi haka ya saya, wanda ya sayar masa ya ce shi ma haka ya tarar. Aka auna rijiyoyin lungun aka ce duk a daina sha, aka zuba musu kankare ɗaya bayan ɗaya, rijiyoyin da Baba Kwaɗo ya haƙa da ƙarfin samartakarsa. Iyaye suka shiga tambayar tun yaushe 'ya'yansu suke shan wannan ruwan, ba wanda ya sani.

Shi kuwa tsakanin asibiti da gida ya riƙa bin tsofaffin yaransa gida-gida yana gaya musu kada wanda ya sake zura wuta a rijiyar da take kusa da gidan mai. Suka ce to, Baba, amma yaya nisan kusa ɗin yake? In ba a zura kyandir ba kuma, da me za a gane waccan iskar mai sa barci? Ya ce su sa hanci su sunsuna ruwan tukuna. Ya san amsar ba ta isa ba, su ma sun sani. Yakan bar gidajensu tsoronsa ya fi wanda ya shiga da shi.

Auta ya rayu. Ƙunar ƙirji da ta hannu ta fara warkewa, fuskar tana naɗe da bandeji. Da bakinsa ya buɗe sai ya kama zancen aiki, yana tambaya ko an kwaso igiya da guga daga gidan mai ɗinki, yana cewa idan ya tashi akwai rijiyar surukinsa da ya yi alkawarin yashewa kafin damina. Baba Kwaɗo yana zaune a kan kujerar roba a gefen gadon yana cewa to, to.

Wata safiya likitar ido ta duba shi ta daɗe, ta mayar da bandejin, ta yafito Baba Kwaɗo zuwa baranda. Ta yi masa bayani a hankali, da tausayi, cewa Auta ba zai sake gani ba. Ta tambaye shi ko ita za ta faɗa wa maras lafiyan, ya ce a'a, ƙaninsa ne, shi ya raine shi. Amma ya daɗe a barandar yana riƙe da ƙarfe, yana kallon masu jinya suna shanya kaya. Bai taɓa jin tsoron wata rijiya kamar yadda ya ji tsoron ƙofar ɗakin nan ba.

Ya shiga ya zauna. Kujerar ta yi ƙara, Auta ya juyo da kansa wajen.

"Yaya, na ji ta kira ka waje."

"Ta kira ni."

Auta ya laluba gefen gado har ya sami hannunsa, ya riƙe. Baba Kwaɗo ya ɗora ɗaya hannun a kai. Wani yana tura keken magani a baranda, ƙafarsa ɗaya tana ƙara.

"Duka biyun?" in ji Auta.

Baba Kwaɗo ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana gyaɗawa kafin ya tuna cewa sai ya faɗa da baki.